Man Juye na Sintetik

Man juye na sintetik baƙin mai ne na injin mota da ake haɗawa ko sarrafawa ta hanyar kimiyya, maimakon a tsaya ga tace ɗanyen mai kawai. Ya fi man juye na yau da kullum jure zafi, ba ya yin kauri sosai da sanyi, kuma yana daɗewa kafin ya gaji. Kamfanin Amsoil ya fito da nasa a 1972, Mobil 1 ya biyo baya a 1974.

Sunan kansa yana da ruɗani. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta kasa tushen man juye gida biyar. Rukuni na huɗu, wato sinadarin da ake kira PAO, da wani mai suna esta da ke rukuni na biyar, su ne ake haɗawa daga sinadarai. Na uku kuwa ɗanyen mai ne da aka tace matuƙa da iskar haidurojin. Mobil ya ƙalubalanci Castrol gaban wata hukumar sa ido kan talla a Amurka saboda kiran irin wannan mai sintetik, amma hukuncin 1999 bai ba Mobil gaskiya ba. Shi ya sa galan biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya, abin da ke cikinsu ya sha bamban.

Masu motoci kan kwatanta Mobil 1 da Castrol Edge da Shell Helix Ultra da Motul ta abin da kunne da ido suka ba su: ƙarar inji da safe, launin man a jikin sandar gwaji, da yadda yake raguwa kafin juye na gaba. Wanda ya ce injinsa ya yi shiru da ya canza kamfani ba ƙarya ya yi ba, sai dai sabon mai ya gwada da tsoho, kuma kusan kowane sabon mai zai yi hakan. Baƙin launi ma ba shaida ba ce, don aikin man ke nan ya kwashe dauɗa, injin dizal kuwa nan da nan yake baƙanta shi. Raguwar man ta fi zama abin dogaro, in mota ɗaya ce kuma tuƙin bai canza ba. Motar da ke yini cikin cunkoso da gajerun tafiye-tafiye tana tara ruwa da fetur a cikin manta, ba za a auna ta da mai cin doguwar hanya ba.

Abin da ya fi sunan kamfani nauyi shi ne rubutun jikin galan. A alamar kauri irin 5W-30, lambar farko tana nuna gudun man da sanyi, ta biyu kaurinsa a zafin digiri 100. Sai matakin inganci, kamar API SP na 2020 ko ACEA na Turai, ko amincewar masu ƙera motar, irin dexos1 na General Motors.

Akan zargi sintetik da sa tsohon inji yoyo. Yawanci robar da ke hana man fita ce ta riga ta mutu, dauɗa ta toshe wurin, man ya zo ya wanke ta.