Ƙwallon Ƙafar Maza a Jami'o'in Amurka

Ƙwallon ƙafar maza a jami'o'in Amurka gasa ce da ɗalibai ke bugawa da sunan makarantunsu, akasari a ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, wadda aka kafa a shekarar 1906, kuma take da hedikwata a birnin Indianapolis na jihar Indiana. Tun daga shekarar 1973 hukumar ta kasa makarantunta gida uku gwargwadon girmansu da irin kuɗin da suke zubawa a harkar wasanni, kuma a rukuni na ɗaya, inda ƙungiyoyin maza suka haura 200, ake samun ƙwallo mafi inganci. Babban abin da ya bambanta wannan gasa da gasannin Turai da na Afirka shi ne gajartar kakarta, domin cikin wata uku da 'yan kai ake farawa a gama komai, kuma wannan gajarta ce ke tasiri a kan yadda ake auna ƙarfin ƙungiyoyi, da irin sakamakon da ake samu, da kuma nauyin da rauni ke da shi a rayuwar ɗan wasa.

Tsarin kakar wasa

Ana soma wasanni a ƙarshen watan Agusta, bayan atisayen share fage da bai wuce 'yan makonni ba, a ci gaba har zuwa farkon Nuwamba. A wannan tsakani kowace ƙungiya takan buga wasanni ƙasa da ashirin da kaɗan, sau da yawa biyu a mako guda, wani lokaci ma bayan tafiyar da ta kai nisan ƙasa da ƙasa, ga kuma darussa da jarrabawa da ke jiran ɗalibin idan ya dawo. Makarantun sun kasu zuwa ƙawance-ƙawance, irin su ACC da Big Ten da Big East, kuma mafi yawan waɗannan ƙawance sukan rufe kakarsu da gasar kifa-ɗaya-ƙwala ta cikin gida.

Dokokin wasan ma suna da nasu salo. Agogon fili ne ke ƙirga lokaci, yana saukowa daga minti 45 zuwa sifili, ana dakatar da shi idan an ci ƙwallo ko an ji rauni, don haka babu ƙarin mintunan da alƙalin wasa kan bayar a ƙarshen kowane rabi. Shekaru da dama an yarda a yi ta sauya 'yan wasa ba adadi, har wanda aka cire ya iya dawowa a rabi na biyu, abin da ya sa wasan ya zama na gudu da ƙarfin jiki fiye da na natsuwa da ƙwallo. A shekarar 2022 aka soke ƙarin lokaci a wasannin kaka na yau da kullum, sai canjaras ya yawaita, a 2024 kuma aka taƙaita sauyin 'yan wasa a rukuni na ɗaya na maza, aka hana wanda ya fita komawa fili sai a wasu yanayi na rauni.

Yadda ake jera ƙungiyoyi

Tun da ƙungiyoyi sama da 200 ba za su iya karawa da juna duka ba, babu teburi guda na maki kamar yadda aka saba gani a gasar Firimiya ta Ingila. Abin da ake da shi shi ne jerin gwanaye, kuma wanda aka fi ambata shi ne na ƙungiyar masu horarwa ta United Soccer Coaches, wadda ake kira NSCAA kafin 2017, inda ake fitar da ƙungiyoyi 25 da suka fi fice kowane mako bisa ra'ayin masu horarwa. Wasu kafofin labaran wasanni, kamar TopDrawerSoccer, su ma suna fitar da nasu jerin. Irin wannan jeri yana ɗaga darajar makaranta a idon ɗaliban da take son ɗauka, amma ba shi ne ke ba ta gurbi a gasar ƙasa ba.

Ma'aunin da ya fi nauyi wajen rabon gurabe shi ne lissafin da ake kira RPI. A asalinsa, kashi 25 cikin ɗari na makin ƙungiya yana fitowa ne daga yawan nasarorinta, kashi 50 daga yawan nasarorin waɗanda ta kara da su, sauran kashi 25 kuma daga nasarorin abokan karawar abokan karawarta, sannan a yi 'yan gyare-gyare na ƙari ko ragi. Ma'anar wannan ita ce kashi uku cikin huɗu na lissafin ba ya hannun ƙungiyar kai tsaye, ya danganta ne da waɗanda ta haɗu da su. Shi ya sa masu horarwa ke ɓata lokaci mai yawa wajen tsara jadawalin wasanninsu tun kafin kaka ta kama, kuma shi ya sa ƙungiyar da ke cikin ƙawance mai ƙarfi irin ACC za ta iya shan kashi sau biyar ko shida amma ta zauna a saman wadda ta lashe kusan dukkan wasanninta a ƙaramin ƙawance. Masu sukar tsarin suna ganin yana fifita manyan makarantu, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin wasanni goma sha bakwai ko sha takwas sun yi kaɗan a ce da su za a tantance ƙarfin ƙungiya ba tare da kuskure ba.

Gasar ƙasa da tarihin sakamakonta

Ƙungiyoyi 48 ne ke shiga gasar ƙasa a watan Nuwamba. Zakarun ƙawance-ƙawance suna samun gurbi kai tsaye, sauran guraben kuma kwamiti ne ke raba su, tare da ware ƙungiyoyi 16 da ake yafe wa zagayen farko. Wasannin kusa da na ƙarshe da na ƙarshe, waɗanda ake kira College Cup, ana yin su a wuri ɗaya cikin watan Disamba.

An fara gasar a 1959, kuma Jami'ar Saint Louis ce ta ɗauki kofin farko. Har yau ita ke kan gaba da kofi goma, dukkansu tsakanin 1959 da 1973. Jami'ar Indiana tana biye da takwas, shida daga cikinsu a hannun mai horarwa Jerry Yeagley, sai Virginia mai bakwai, wadda ta jera huɗu daga 1991 zuwa 1994 a ƙarƙashin Bruce Arena, mutumin da daga baya ya horar da tawagar ƙasar Amurka. Akwai wani babi na wannan tarihi da ya shafi Afirka kai tsaye. Jami'ar Howard da ke Washington, wadda makaranta ce ta baƙaƙen fata tun asali, ta lashe kofin a 1971 da tawaga mai cike da ɗalibai daga Afirka da tsibiran Karibiyan, ƙarƙashin Lincoln Phillips ɗan ƙasar Trinidad, amma NCAA ta ƙwace kofin bisa hujjar cewa wasu 'yan wasan ba su cika sharuɗɗan cancanta ba. A 1974 Howard ta dawo ta lashe dukkan wasanninta, ta doke Saint Louis da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe da aka yi a garin Saint Louis ɗin kansa. Hanyar da waɗannan ɗalibai suka share ba ta toshe ba, domin a 2017 Abu Danladi, ɗan Ghana da ya buga wa Jami'ar California da ke Los Angeles (UCLA), shi ne aka fara zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta Amurka, wato MLS.

Sakamakon shekarun baya-bayan nan ya nuna iyakar abin da jerin gwanaye ke iya hasashe. Jami'ar Stanford ta ɗauki kofi uku a jere daga 2015 zuwa 2017, kuma a 2016 ta yi hakan ba tare da ta zura ƙwallo ko ɗaya a wasanni biyu na ƙarshe ba, duka a bugun fenariti ta tsallake. Marshall, wadda ba ta cikin waɗanda aka ware a matsayin manya, ta doke Indiana da ci 1 da nema a kakar 2020, wadda annobar korona ta sa aka kammala a watan Mayun 2021. Clemson ta yi nasara a 2021 da 2023, Syracuse a 2022, sannan a 2024 Vermont, ita ma ba ta cikin manyan 16, ta doke Marshall da ci 2 da 1 a ƙarin lokaci, ta ɗauki kofinta na farko.

Raunin gwiwa

Gwiwa mahaɗa ce tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, kuma manyan jijiyoyi huɗu ne ke riƙe da ita: biyu a gefe da gefe, biyu kuma a ciki sun gitta juna. Tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke rage gogayya da ɗaukar nauyi. A ƙwallon ƙafa an fi yawan samun targaɗen jijiyar gefen ciki, wadda likitoci ke kira MCL, yawanci idan 'yan wasa biyu suka haɗu a kan ƙwallo da cikin ƙafa, kuma wannan takan warke cikin makonni ba tare da tiyata ba. Wadda ake tsoro ita ce ta gaba cikin biyun da suka gitta, wato ACL, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Sau da yawa tana tsinkewa ne ba tare da kowa ya taɓa gwiwar ba, a lokacin da ɗan wasa ya ja birki kwatsam, ko ya juya alhali ƙafarsa na kafe a ƙasa, ko ya diro daga tsalle gwiwar ta karkata ciki. Wanda abin ya sama yakan ji wani ɗan sauti a cikin gwiwar, ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, ya ji kamar ba za ta ɗauke shi ba. Likita yakan gwada ta da hannu, sannan hoton MRI ya tabbatar. Mata 'yan ƙwallo sun fi maza fuskantar wannan rauni da ninki biyu zuwa uku, amma a wajen maza ma yana cikin raunukan da suka fi cin lokaci.

Jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba, don haka ga mai son komawa wasa akan yi tiyata a maye gurbinta da wata da aka yanko daga jikinsa, ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko daga bayan cinya, ko daga gabanta. Bayan tiyatar sai doguwar jinya ta gashin ƙashi da motsa jiki, wadda kan ɗauki wata tara zuwa shekara. Wani bincike na haɗin gwiwar masana daga jihar Delaware ta Amurka da birnin Oslo na Norway da aka wallafa a 2016 ya gano cewa duk wata ɗaya da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa wata na tara, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Ana iya dawowa a kuma yi fice, kamar yadda ya faru ga Jordan Morris, wanda ya ci kofi da Stanford a 2015 tare da kyautar Hermann ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ya tsinke wannan jijiya a 2018 da kuma 2021 bayan ya zama ƙwararre, amma ya samu shiga tawagar Amurka a gasar cin kofin duniya ta 2022.

A nan ne gajartar kaka ke nuna illarta sosai. Targaɗen da zai kwantar da ɗan wasa mako shida, wanda a Turai bai wuce ɗan ɓangare na kaka ba, a jami'a yana cinye kusan rabinta, tsinkewar ACL a watan Satumba kuwa takan tafi da kakar baki ɗaya, ta kuma taɓa shirin ta gaba. A bisa doka ɗalibi yana da kaka huɗu ne kacal da zai buga cikin shekara biyar, ko da yake akwai sassauci da ke mayar masa da kakar idan raunin ya same shi a rabin farko kuma bai buga fiye da kashi 30 cikin ɗari na wasannin ba. Ga ƙungiya kuma, rasa mai tsaron baya ɗaya ko mai cin ƙwallo na tsawon mako uku yana iya nufin wasanni biyar ko shida, kuma hakan ya isa ya sauko da ita a lissafin RPI har ta rasa gurbi.

Rigakafi da muhawarar tsawaita kaka

Ɗaya daga cikin muhimman binciken rigakafin rauni an yi shi ne a kan waɗannan ɗalibai. A kakar 2012 masana ƙarƙashin jagorancin Holly Silvers-Granelli suka gwada shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda ke ɗaukar kimanin minti ashirin ana gudu da ƙarfafa tsokar cinya da ta ciki da koyon daidaita jiki da dirowa daga tsalle yadda ya kamata, a ƙungiyoyin maza na rukuni na ɗaya da na biyu. Ƙungiyoyi 27 suka bi shirin, 34 suka ci gaba da abin da suka saba. Raunuka sun ragu da kashi 46 cikin ɗari a wajen waɗanda suka bi shirin, kuma an samu raunin ACL uku kacal a cikinsu, alhali an samu 16 a ɗaya ɓangaren. Shirin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, abin da yake buƙata shi ne mai horarwa ya dage a kansa aƙalla sau biyu ko uku a mako.

Sai dai atisaye ba ya maye gurbin hutu. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan ƙwararrun 'yan wasa a Turai ya nuna cewa yawan rauni ya ninka kusan sau shida a lokacin da ake buga wasa biyu a mako idan aka kwatanta da wasa ɗaya. Irin wannan hujja ce masu horarwa da dama, a sahun gabansu Sasho Cirovski na Jami'ar Maryland, suka daɗe suna kafawa wajen neman a shimfiɗa kakar a kan zangon karatu biyu, a fara wajen watan Satumba, a huta a tsakiyar hunturu, a kammala wajen watan Mayu ko Yuni, ta yadda akasarin makonni za su kasance da wasa ɗaya kawai. Masu adawa da shawarar suna kawo batun kuɗi, da ƙarancin filaye da ma'aikatan lafiya a lokacin da sauran wasannin makaranta ke gudana, da kuma tsoron cewa ɗalibi zai kasance cikin gasa kusan duk tsawon shekarar karatu.