Cutar Baƙin Huhu

Cutar baƙin huhu ciwo ne da ke kama masu haƙar kwal bayan sun shekara da shekaru suna shaƙar ƙurar rami. Ƙurar da ke yin ɓarnar ba wadda ido ke gani ba ce. Mai laushin nan ce da ke wuce hanci da maƙogwaro ta kutsa can cikin huhu. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan haɗiye ta, amma ba sa iya narkar da ita, sai ta taru ta zama ɗigo-ɗigo baƙaƙe, naman wurin ya yi tabo ya taurare. Huhun da aka san shi ja-ja sai ya koma baƙi ƙirin, daga nan sunan ya samo asali.

Da farko mutum ba ya jin komai, sai dai hoton ƙirji ya nuna. Daga baya tari ya zo, da haki. Idan tabon ya haɗe ya yi girma, ƙaton da ya saba yini yana fasa dutse sai ya kasa ɗaura takalminsa ba tare da ya tsaya ya huta ba, ƙarshe ya koma yawo da tukunyar iskar oksijin. Ba ta da magani. Barin aikin ma ba lallai ya tsayar da ita ba, kuma dashen huhu kaɗan ne ke samunsa.

A Amurka sai da aka yi gwagwarmaya kafin a kula. Bayan fashewar mahaƙar Farmington a 1968, wadda ta ci rai 78, masu haƙa kusan 40,000 a jihar West Virginia suka shiga yajin aiki a 1969. A shekarar aka yi dokar tarayya da ta ƙayyade yawan ƙura a rami ta kuma tanadi diyya. Cutar ta ja baya sosai.

Abin takaici, ta dawo. Wani bincike na hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, a 2018 ya gano cewa a tsakiyar yankin tsaunukan Appalachia da ke gabashin ƙasar, mutum ɗaya cikin biyar da suka yi shekara 25 ko fiye a rami yana ɗauke da ita. Manyan jijiyoyin kwal, wato shimfiɗunsa masu kauri a ƙarƙashin ƙasa, galibi sun ƙare, saura sirara, don haka injuna na haɗawa da dutsen da ke kewaye suna niƙawa. Ƙurar silika (wani sinadari da ke cikin yashi da duwatsu) da ke tashi daga dutsen ta fi ta kwal illa nesa ba kusa ba, shi ya sa yanzu ake ganin cutar mai tsanani a jikin 'yan shekara talatin da arba'in.