Haɗurran Jirgin Ƙasa a Najeriya

Haɗarin jirgin ƙasa shi ne duk wani tsautsayi da ya auku a kan layin dogo ya jawo asarar rai, ko rauni, ko lalacewar dukiya. A Najeriya an fi samun iri uku: jirgi ya goce daga kan layi, jirgi ya yi karo da mota ko mutum a inda hanya ta ratsa dogo, da kuma ɓarnar da ake yi da gangan, kamar satar ƙarafa ko harin 'yan bindiga. Karon jirgi da jirgi, wanda ake fama da shi a ƙasashe masu cunkoson jirage, bai cika faruwa a nan ba, domin jiragen da ke zirga-zirga ba su da yawa.

Tushen layin

Turawan mulkin mallaka ne suka shimfiɗa dogon Najeriya don kwasar gyaɗa da auduga da kuza da kwal zuwa bakin teku. Layin Legas ya isa Ibadan a 1901, na Baro, garin da ke bakin kogin Kwara, ya shigo Kano a 1911, aka haɗe su a 1912. Reshe na ƙarshe mai tsawo shi ne wanda ya kai Maiduguri a 1964. Duka tsohon layin ya kai kimanin kilomita 3,500, kuma ƙaramin layi ne, mai faɗin milimita 1,067 tsakanin ƙarafa biyu. An yi shi da kwanoni masu tsanani da hawa da gangara, saboda a lokacin arha ake nema, ba gudu ba. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC, wadda mutane suka fi sani da Reluwe.

Babban layi na zamani, mai faɗin milimita 1,435, ya soma ɗaukar fasinja ne a 2016 tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna, nisan kilomita 186. Na Warri zuwa Itakpe ya biyo baya a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021.

Gocewa daga kan layi

Mafi munin haɗarin da ake tunawa da shi a ƙasar shi ne na Langalanga, a Jihar Nasarawa ta yanzu, ranar 16 ga Fabrairun 1970. Jirgin fasinja cike da matafiya a lokacin Babbar Sallah ya goce, taragu suka kife, fiye da mutum 80 suka rasu.

Abin da ke riƙe jirgi a kan hanya ba shi da yawa: ƙarafa biyu, da katakai ko kankaren da aka girke su a kai, da maƙalai da ƙusoshin da suka ɗaure su, da tsakuwar da ke ƙarƙashi. Idan katako ya ruɓe ko maƙali ya kwance, tazarar da ke tsakanin ƙarafan sai ta buɗe, ƙafar jirgi ta faɗa ciki. Zafin rana yana sa ƙarfe ya miƙe har ya lanƙwashe idan ba a ɗaure shi da kyau ba. Da damina kuma ruwa yana zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin layi, ya bar ƙarafa suna reto. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta hallaka mutane da yawa, ta lalata har da dogon da ya ratsa garin. Duk waɗannan matsaloli ne da mai bin layi da ƙafa zai iya gani kafin jirgi ya iso, kuma a da aikin leburorin Reluwe ke nan, kowace ƙungiya da yankin da take kula da shi. Da hukumar ta durƙushe daga shekarun 1980 zuwa farkon 2000, aka rage ma'aikata, wannan sa ido na yau da kullum ya yi rauni ƙwarai.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne sababbin layukan ma ba su tsira ba. A watan Janairun 2023 jirgin Warri zuwa Itakpe ya goce a cikin daji a Jihar Kogi, kuma kafin watan ya ƙare na Kaduna zuwa Abuja ya goce a Kubwa. A watan Mayun 2024 an sake yi a kusa da Jere. Ranar 26 ga Agustan 2025 jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna ɗauke da mutum fiye da 600 ya goce a tashar Asham, wasu taragu suka kife. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an samu raunuka, kuma an dakatar da zirga-zirga har zuwa farkon Oktoba. Rahoton farko na masu bincike ya nuna cewa na'urar sauya layi ta tashar ba ta aiki da kanta, da hannu ake sarrafa ta, kuma gyaran da aka yi wa wurin bayan wata gocewar da ta gabata bai wadatar ba. Layin bai cika shekara goma ba a lokacin, don haka ba za a ɗora laifin a kan tsufa ba. Rashin kula ne, kuma kuɗin kula ba ya samun irin ɗokin da kuɗin gina sabo yake samu a kasafi.

Mahaɗar dogo da hanya

Jirgi ba ya tsayawa nan take. Ƙafa ƙarfe, hanya ƙarfe, ga nauyin ɗaruruwan tan, don haka jirgin da ke gudu sosai yana iya cin kusan kilomita guda bayan an taka birki, kuma ba shi da halin kaucewa. Direban da ya hango mota a kan layi, abin da ya rage masa shi ne busa da birki.

Ranar 9 ga Maris ɗin 2023, da safe, wata bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin Jihar Legas ta yi yunƙurin tsallake dogo a mahaɗar PWD da ke Ikeja, duk da masu tuta sun yi alamar a tsaya. Jirgi ya kwashe ta ya ja ta a kan layi, mutum 6 suka mutu, gommai suka jikkata. Mahaɗu da dama a ƙasar ba su da shinge ko fitila ko ƙararrawa, sai mutum ɗaya da jar tuta, wasu ma ba kowa. A garuruwa irin su Legas da Kano da Kaduna, shekarun da dogo ya yi shiru sun sa kasuwanni da rumfuna da gidaje sun matso har bakin ƙarfe, mutane suka saba da zama a kai. A Legas an daɗe ana fama da masu hawa rufin tarago ko maƙalewa a ƙofa.

Sata da hari

Ɓarayi suna kwance maƙalai da ƙusoshi, har da sare ƙarafan layi, su sayar wa 'yan gwangwan. A 2021 'yan sanda a Jihar Nasarawa sun kama gungun masu wannan sana'a da manyan motoci shaƙe da ƙarafan dogo. Wanda ya cire maƙali don ɗan abin da zai samu a sikeli ya sa rayukan fasinjojin jirgi guda cikin haɗari, kuma mai saye ya fi shi laifi.

A watan Oktoban 2021 aka fasa wani sashe na layin Abuja zuwa Kaduna da nakiya. Ranar 28 ga Maris ɗin 2022 'yan bindiga suka sake dasa nakiya a yankin Katari, suka buɗe wa jirgi wuta, suka kashe aƙalla mutum 8, suka tafi da fiye da 60. Rukunin ƙarshe na mutum 23 bai fito ba sai a watan Oktoba, jirgi kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ce tun kafin harin ya nemi a sayi na'urorin sa ido a kan layin amma ba a amince ba. A Janairun 2023 aka sace fasinjoji a tashar Igueben ta Jihar Edo.

Matakan gyara

Bayan harin 2022 an ƙara jami'an tsaro a jirage da tashoshi, an rage tafiyar dare, kuma aka ɗaura sayen tikiti da lambar shaidar ɗan ƙasa.

Sauyi mafi muhimmanci shi ne dokar 2022 da ta kafa Hukumar Binciken Haɗurra ta Najeriya, NSIB, a madadin tsohuwar hukumar da ke binciken haɗarin jirgin sama kaɗai. Yanzu hurumin ta ya haɗa da jirgin ƙasa da na ruwa. A da Reluwe ce ke binciken kanta. Yanzu akwai wata hukuma dabam da ke gano musabbabi, ta wallafa rahoto kowa ya gani, ta ba da shawara. Sai dai shawara ce kawai, kuma a ƙarƙashin dokar 1955 NRC ce mai tafiyar da jirage kuma ita ce mai sa ido a kan ƙa'ida. An daɗe ana kai ƙudurorin raba waɗannan ayyuka biyu gaban Majalisar Tarayya.

A watan Maris ɗin 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya bai wa jihohi damar gina layin dogo da tafiyar da shi. Legas, wadda ta buɗe jiragenta na cikin gari a 2023 da 2024, ta gina gadojin sama a wurare irin su Yaba da Oyingbo da Ikeja da Mushin don motoci su daina ratsa dogo. Wannan shi ne maganin mahaɗa mafi inganci, ko da yake yana da tsada. Ta fuskar horo akwai Cibiyar Fasahar Sufuri da ke Zariya, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura.

A 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Hanyar ta ratsa gonaki da burtalai da ƙauyukan da ba su taɓa zama kusa da dogo ba, don haka tana buƙatar shinge, da mashigar dabbobi ta ƙarƙashin layi, da wayar da kan mazauna yankin a gidajen rediyo da masallatai da kasuwanni kafin jirgi ya soma wucewa.