Kafin ka shiga karatun aikin famasi, ka san abin da ke bayan tagar nan

Duk lokacin da ɗalibai suka gama sakandare sai na samu masu zuwa su ce mini, "Malam, ina son aikin asibiti amma ba na iya ganin jini, ko in karanci aikin famasi?" A ganinsu aiki ne na sa farar riga, a zauna bayan taga, a karɓi takarda, a ɗauko kwali a miƙa. Kallon kitse suke yi wa rogo, shi ya sa na ga ya kamata in yi wa matasa da iyayensu bayani.

Aikin a rabe yake. Likita ke duba mara lafiya ya rubuta magani. Masanin magunguna, wanda ya yi digiri a jami'a, shi ke tantance ko abin da aka rubuta ya dace da mai shi, ko zai yi karo da wani maganin da yake sha. Mataimakinsa kuwa, wanda muke magana a kansa, shi ke ƙirgawa, ya auna, ya rubuta yadda za a sha a jikin ƙunshi, ya kula da ma'ajiya da littattafan shige da ficen kaya, duk a ƙarƙashin kulawar masanin. Sau da yawa hannunsa ne na ƙarshe da ke taɓa magani kafin ya shiga bakin mutum.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai a wannan karatu lissafi ne, kuma ba wani lissafi mai zurfi ba, sau da rabawa ne kawai, amma irin wanda ba ya yafe kuskure. Ga misali. Yaro mai nauyin kilo 12, likita ya rubuta masa farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, ka ga miligiram 180 ke nan. Kwalbar ruwan maganin da ke hannunka tana da miligiram 120 a kowace mililita 5, don haka za a ba shi mililita 7.5. To amma akwai wata kwalbar, sunan ɗaya, kwalin ma kusan iri ɗaya, mai miligiram 250 a mililita 5. Idan ita ka ɗauko ka rubuta 7.5 ɗin nan, yaron zai sha miligiram 375, fiye da ninki biyu, kuma uwarsa za ta yi ta ba shi har sau huɗu a rana da zuciya ɗaya, tunda ma'aikaci ne ya rubuta. Farasitamol idan ya yi yawa hanta yake ci.

Haka ɗigon da ke tsakanin lambobi. Ana koya wa ɗalibi ya rubuta 0.5, kada ya rubuta .5, domin ɗigon na iya ɓacewa a karanta 5. Kada kuma ya rubuta 5.0, don wani zai karanta 50. Tsakanin miligiram da mikirogiram ninki 1,000 ne, alhali maganin zuciya irin digoxin da mikirogiram ake ba da shi. Methotrexate kuma, idan don ciwon gaɓoɓi aka rubuta shi, sau ɗaya ake sha a mako. Mutane sun rasa rayukansu saboda an rubuta musu kullum.

Na taɓa tsayawa kusa da wata ɗaliba da ta zo koyon aiki a wani asibiti da na yi aiki. Takarda ta ce chlorpromazine, maganin taɓin hankali, ita kuma ta miƙa hannu ta ɗauko chlorpropamide, maganin ciwon suga, don a jere suke a kanta kuma haruffa takwas na farko duk ɗaya ne. Masanin magungunan ya karɓi ƙunshin don dubawa ta biyu, ya juya shi, bai ce komai ba, ya ajiye mata shi kusa da takardar. Ta karanta sau biyu, sai gumi. Da a ce ƙunshin ya fita, mutumin da ba shi da ciwon suga zai sha abin da zai zubar masa da sugan jini har ya suma. Yarinyar ba sakarya ba ce, sauri ta yi saboda layi ya yi tsawo. Shi ya sa ake horar da mu mu karanta sunan magani sau uku: lokacin ɗaukowa, lokacin zubawa, da lokacin mayarwa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami na musamman kan kurakuran magani, inda ta ƙiyasta cewa suna jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a shekara.

Sai ajiya, wadda ba mai ganin ta daga waje. Insulin, wato allurar masu ciwon suga, da yawancin alluran rigakafi suna zama ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, ana duba firji safe da yamma a rubuta. Insulin da ya daskare ya tashi daga aiki, ko da ya narke ya koma kamar lafiya lau. A kanta kuwa, wanda wa'adinsa zai riga cika shi ke gaba. Magunguna masu sa maye irin su morfin a akwatin ƙarfe mai makulli suke, kowace ƙwaya da kowace allura da layinta a rajista, idan ɗaya ta ɓata sai an san inda ta shiga. Ana kuma koyon gane jabu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kusan ɗaya cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci.

Darasin da na fi ɗauka da nauyi shi ne sanin iyaka. Da zarar ka sa farar rigar nan, 'yan uwa da maƙwabta za su fara ce maka likita, su zo da ciwonsu su ce ka zaɓa musu magani. Daɗin sunan ke ja mutum ya fara rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ga mai mura, abin da ba ya yi wa mura komai sai dai ya koya wa ƙwayoyin cutar jure magani. A 2019 irin wannan bijirewar ta kashe mutum kusan miliyan 1.27 kai tsaye a duniya. Wanda ya samu horo na gaskiya ba ya jin kunyar cewa, "Baba, wannan ba hurumina ba ne, bari in kira masanin."

Game da makaranta, kowace ƙasa da dokarta. A Birtaniya tun 2011 ba ka amsa sunan mataimakin masanin magunguna sai ka yi rajista, bayan horo na shekara biyu da ya haɗa aji da aiki. A Amurka jihohi sun bambanta, da yawa suna karɓar jarrabawar PTCB, hukumar ba da takardar shaida ga mataimakan masana magunguna da aka kafa a 1995. Ko'ina kake, kafin iyayenka su biya ko sisi, ka je hukumar da ke kula da harkar magunguna a ƙasarku ka tabbatar ta amince da makarantar, domin takardar makarantar da ba a amince da ita ba ba ta kai ka ga lasisi. Ka tambaya wata nawa ake tura ɗalibai famasin asibiti, kuma waye ke tsaye a kansu a can. Shekara goma ta tsayuwa a shagon magani ba ta maye gurbin wannan, ko da mutum ya haddace kalar kowane kwali.

Masu zuwa wurina kuwa, yanzu takarda da biro nake miƙa musu kafin mu yi wata magana: yaro mai kilo 8, miligiram 15 ga kilo, kwalba mai 120 a mililita 5. Wanda ya samu mililita 5, sannan ya nemi in nuna masa kwalbar ya gani da idonsa, shi nake zaunar da shi mu cike fom.