Zaibar da ake ƙonawa wajen tace zinare, da kifin tafkunan ƙanƙara

A ƙuryar arewacin Kanada, a tsibirin Elismiya, akwai wani babban tafki da ake kira Hazen. Ƙanƙara na rufe shi kusan duk shekara, ba masana'anta, ba gona, ba ko titin mota a kusa da shi. Duk da haka masu bincike sun sami sinadarin zaiba a lakar ƙasansa da kuma jikin kifinsa. To ta ina ta shiga?

Ta iska. Idan aka ƙona kwal a tashar lantarki, ko aka gasa dunƙulen zinare da zaiba a kan wuta, zaibar takan zama tururi ta tashi sama, kuma tana iya yin wata 6 zuwa shekara guda tana yawo kafin ta sauko. Kamar yadda tururi ke taruwa a murfin tukunya, haka guba iri-iri ke tashi daga ƙasashe masu zafi su sauka inda sanyi yake. Magungunan ƙwari irin su DDT da lindan, wanda mutanenmu suka sani da Gamalin, su ma ta wannan hanya suke kaiwa can.

Abin da ya sa lamarin ya yi muni a waɗannan tafkuna shi ne sanyin kansa. Ruwansu ba shi da gishiri da abinci sosai, halittun cikinsa kaɗan ne, komai kuma a hankali yake ruɓewa. A cikin lakar da iska ba ta isa, wasu ƙwayoyin bakteriya kan juya zaiba ta koma nau'in da ke maƙalewa a tsoka. Ƙwaron ruwa ya ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babba ya haɗiye ƙarami. Kifin can ba ya girma da wuri kuma yana daɗewa a raye, saboda haka shekara da shekaru yake tara gubar. Wankewa ko soyawa ba sa fitar da ita. Idan mai juna biyu ta ci kifin, sai gubar ta ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri.

Mutanen Inuwit, 'yan asalin yankin ƙanƙara na arewa, waɗanda kifi da naman teku ne cimarsu, sun ɗanɗana irin wannan. A ƙarshen shekarun 1980 an gwada nonon matansu a arewacin lardin Kebek na Kanada, aka tarar da PCB, wani sinadari mai guba na masana'antu, ya ninka na matan biranen kudu sau da yawa, alhali su ba su da masana'antar da ke amfani da shi. Kukansu na cikin abin da ya kai ga yarjejeniyar Istokholm ta 2001, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don taƙaita irin waɗannan sinadarai masu guba. Ta Minamata, wadda ta shafi zaiba, ta biyo baya a 2013.

Ba duka ɓarnar ce ke zuwa daga nesa ba. A ƙauyen Rezolut da ke arewacin Kanada, an yi ta zuba ruwan masai na sansanin filin jirgin sama cikin tafkin Meretta daga 1949 zuwa 1998, har gansakuka ta yi yawa, iskar numfashi ta riƙa ƙarewa a ƙarƙashin ƙanƙara. A Rasha kuma, a 2020, man dizal kimanin tan 21,000 ya malala kusa da Norilsk ya bi koguna. Ga ɗumamar yanayi tana narkar da ƙasar da ta daskare tun fil'azal, tana sako abin da ke binne a cikinta.

Inda maganar ta shafe mu shi ne nan: ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta nuna ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba wajen sakin zaiba cikin iska, fiye da kashi ɗaya bisa uku, sun ma zarce masu ƙona kwal. Wannan sana'a kuwa tana nan a Zamfara, da jihar Neja, da yankin Agadas. Kuma tun kafin hayaƙin ya yi nisa, mai hura wutar ne ke fara shaƙa. Rawar hannu, yawan mantuwa, kumburin dasashi da ciwon ƙoda duk suna cikin alamomin gubar zaiba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a ga ana gasa dunƙulen a cikin ɗaki, ko a murhun da ake girki, yara na zaune a gefe. Tururin ba shi da launi ko wari, yana kuma kama bango da tufafi.

Don haka, 'yan uwa masu wannan sana'a, a fitar da aikin daga cikin gida, a nesanta mata masu ciki da yara. A nemi tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu, wadda ke kama tururin ya koma zaiba a sake amfani da ita. Maƙeri na iya haɗa ta da bututun famfo, kuma kuɗin da ake kashewa wajen sayen zaiba ma ya ragu. Kada a wanke kwanon aiki a rafin da ake sha. Masunta kuma su bar zuba maganin ƙwari a ruwa don kama kifi. Wanda ya ga hannunsa ya fara rawa, ya je asibiti ya faɗa wa likita ainihin aikin da yake yi.