Me ake nufi da "tafiyar da canji", kuma me ya raba shi da taron wayar da kai?

Kwanan nan duk inda aka ƙaddamar da sabon tsari, a ma'aikata ko makaranta ko asibiti, sai ka ji mai jawabi ya ce an yi tanadin "tafiyar da canji". A rediyo ma haka, musamman in an gayyato wani jami'i ya yi bayanin mayar da aikin ofis kan kwamfuta. In ka kasa kunne ka ji abin da aka yi, kusan kullum abu ɗaya ne: an tara ma'aikata a zaure yini guda, an yi jawabai, an raba takardu da ruwan roba, kowa ya sa hannu ya karɓi kuɗin mota. Wannan taron wayar da kai ne. Yana da amfaninsa, amma wanda ya kira shi tafiyar da canji tamkar wanda ya yi sharar gona ne ya ce ya gama noma.

Duk aikin da zai sauya yadda ake aiki a wuri yana da ɓangare biyu. Akwai ɓangaren kaya: kwangila, kwamfutoci, manhaja, kasafin kuɗi, wa'adin kammalawa. Akwai kuma ɓangaren mutanen da za a ce su bar hanyar da suka saba da ita shekara da shekaru. Tafiyar da canji shi ne aikin ɓangare na biyu, kuma aiki ne mai jadawali, mai kasafi, mai wani takamaiman mutum da za a tuhuma in abin ya watse.

A ganina kalmar "canji" ita kanta tana da hannu a wannan ruɗani. Aro ce daga Turanci, kuma inda ta fi zama a bakinmu kullum shi ne wajen kuɗi. Ka miƙa wa mai shago dubu ɗaya a kasuwar Sabon Gari, ya ɗauki nasa ya ba ka canjinka. Ka je wajen 'yan canji da Riyal, ka fito da Naira. Hannu da hannu, nan take, ba wanda ya koyi wani abu, ba wanda ya rabu da wata ɗabi'a. Da siyasar 2015 ta zo jam'iyyar APC ta ɗauki kalmar a matsayin takenta, sai ta ƙara zama a zukata a matsayin abin da ake kawo wa mutum rana ɗaya ya miƙa hannu ya karɓa. Da wannan tunani shugabannin ma'aikatu da yawa ke shiga sabon tsari: mun sayo, mun kafa, mun sanar, saura me? Alhali muna da tamu kalmar da ta fi dacewa, wato sauyi. Kowa a Zariya ya san hunturu ba ya kwana ya wayi gari bazara. Akwai makonnin da safiya ke da sanyi, rana kuma ta ƙwalle, mutum ya rasa ko ya ajiye bargo ko ya bar shi a kan gado. Wannan tsakanin, inda tsohuwar hanya ba ta tafi ba sabuwa kuma ba ta zauna ba, shi ne filin aikin mai tafiyar da canji.

Masana sun daɗe da rarraba abin. Ana danganta wa Kurt Lewin, masanin halayyar jama'a da ya rasu a 1947, matakai uku masu kama da aikin ƙanƙara: a narkar, a zuba a sabon mazubi, a bari ta sake daskarewa. Tsarin ADKAR na kamfanin Prosci a Amurka ya kasa shi biyar ga kowane ma'aikaci: ya san dalilin sauyin, ya so shi, ya san yadda ake yi, ya iya yi da hannunsa, sannan a samu abin da zai hana shi komawa gidan jiya. Taron wayar da kai, ko da ya yi kyau, na farkon kaɗai yake taɓawa.

Mu ɗauki asibitin da zai bar kati da fayil ya koma kwamfuta. Aikin farko ba na zaure ba ne. A zauna da takarda a rubuta kowane rukuni da abin zai shafa: akawun ɗakin kati, masinja, nas, likita, mai ba da magani, mai karɓar kuɗi. A gaban kowane a rubuta abu biyu, abin da zai sauya a aikinsa na yini, da abin da zai rasa. Layi na biyun ne ake tsallakewa, kuma daga nan tirjiya ke fitowa. Dattijon da ya yi shekara 25 a ɗakin kati, wanda ya san kantar da kowane fayil yake ko a cikin duhu, darajarsa a wurin ita ce wannan sanin. Ran da kwamfuta ta zo, yaron da aka ɗauka bara ya fi shi sauri. Masinja yana lissafin ko aikinsa ya ƙare. Likita yana ganin zai riƙa kallon allo maimakon fuskar majinyaci, ga layi har waje. Akwai kuma wanda ɓatan fayil ke kawo masa na goro. Waɗannan huɗun ba magani ɗaya suke buƙata ba, kuma ba daidai ba ne a haɗa su duka a ce musu masu taurin kai. Dattijon a sa shi jagorantar tace tsofaffin fayiloli, don ba wanda ya kai shi sanin waɗanne ne suka maimaitu. Masinja a faɗa masa a rubuce inda za a mayar da shi. Likita a rage masa yawan majinyata a makonnin farko. Na ƙarshen kuwa doka ce maganinsa.

Horo shi ma yana da ƙa'ida. In an yi shi wata uku kafin kwamfutocin su fara aiki, an yi asara, don hannu ya manta. Kada ya wuce mako biyu kafin ranar farawa. A yi shi rukuni-rukuni, mutum takwas zuwa goma, kowa da kwamfuta a gabansa, yana shigar da irin bayanan da zai riƙa shigarwa a kujerarsa. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba a ware masa kwanakinsa daban, ba a gaban 'ya'yan cikinsa ba, don kunya ta fi rashin sani hana koyo. Kowane sashe kuma ya samu mutum ɗaya daga cikinsu da ya ƙware, wanda za a iya ce wa "Malam, zo ka duba mini nan" ba tare da an rubuta takarda ba. Malaman gona na Samaru sun san wannan tun tuni: manomi ya fi yarda da sabon iri in ya gan shi a gonar maƙwabcinsa.

Sai batun tafiyar da tsohon tsari da sabo tare. Dole ne a yi, amma da ranar rufewa da kowa ya sani, misali mako huɗu ko shida. In an bar shi a buɗe, ga abin da ke faruwa: wuta ta ɗauke da hantsi, janareto ba mai, akawu ya jawo tsohuwar rajista daga ƙarƙashin tebur ya ci gaba da biro. Shugaba ya leƙo, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, sabis ne babu." Gaskiya ya faɗa ranar. Bayan mako uku ko da wuta da sabis rajistar ce a kan tebur. Shi ya sa sola da batir da takardar wucin gadi ta lokacin ɗaukewar wuta, tare da ƙa'idar shigar da ita kafin a tashi aiki, duk suna cikin tafiyar da canji.

Ƙasar nan ta ga misalai a fili. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013 tana barin ɗalibi ya zaɓa, sai a 2015 ta rufe ƙofar takarda. Sauya fasalin Naira kuwa, sababbin takardun sun fito ranar 15 ga Disamba 2022, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin wa'adin farko, wata ɗaya da rabi ke nan, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan maganar a watan Maris. Tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya ta kwamfuta, wato IPPIS, shi ma ya daɗe yana cikin abubuwan da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ke jayayya a kansu, har cikin yajin aikin wata takwas na 2022, kafin gwamnatin tarayya ta amince a Disamba 2023 a cire manyan makarantu daga cikinsa.

Mataki na biyar na tsarin ADKAR, na hana komawa baya, shi ne ba a ware wa ko sisi, don lokacin ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Nan ake buƙatar shugaban wurin da kansa. In ya ci gaba da karɓar rahoton da aka rubuta da hannu, ya soke tsarin ko bai furta ba. Kowane mako, har tsawon wata uku aƙalla, a ƙirga majinyata nawa suka shigo ta ƙofa, nawa ne sunansu ya shiga kwamfuta, minti nawa mutum ke yi a layin kati. Sashen da lissafinsa ya yi ƙasa a je a zauna da su a ji dalili kafin a rubuta wa kowa takardar tuhuma, don sau da yawa kalmar sirri ce ta ɓace wa mutum biyu, suna jin nauyin faɗa.