Kaines ɗin ɗan adam da ake haɗawa a ɗakin gwaji: me ake nufi?

Ɗalibin kimiyyar halittu kan ci karo da ƴar ƙaramar kwalba a firjin ɗakin gwaji, an rubuta cewa kaines ne na ɗan adam, kuma don bincike kawai. Abin da ke ciki bai kai ɗigon hawaye ba, amma akwai dogon labari a bayansa.

Kaines wani nau'in enzaim ne, wato furotin mai gaggauta aiki a jiki. Aikinsa guda ne: ya ciro wani ɗan gutsure mai suna fosfat daga sinadarin ATP, mai ba ƙwayar halitta makamashi, ya manna wa wani furotin. Da zarar fosfat ya hau, furotin ɗin ya farka ko ya kwanta, kamar makunnin wuta. Shi kuma ya taɓa na gaba, na gaba ya taɓa wani, har saƙon da ya taso daga bangon ƙwayar halitta ya isa cibiyarta: rabu biyu, ko dakata, ko mutu. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan kunnawa da kashewa a Jami'ar Washington da ke Seattle cikin shekarun 1950, aka ba su kyautar Nobel a 1992. Jikinmu na da irin waɗannan enzaim sama da 500.

To, ta yaya ake samun na ɗan adam ba tare da an yanki mutum ba? Ana ɗauko ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi, a cusa ta cikin bakteriyar E. coli ko ƙwayoyin halittar ƙwari, su yi ta ƙera shi kamar nasu. Sannan a tace, a adana cikin sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, don zafi kaɗan na lalata shi.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne labarin wani kaines mai suna ABL. A wata sankarar jini, kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 9 da na 22 kan yi musayar gutsure, sai a sami gurɓataccen kaines mai suna BCR-ABL wanda makunninsa ya maƙale a kunne. Fararen ƙwayoyin jini su yi ta yawaita ba birki. Masu bincike sun gwada sinadarai a kan tsantsar kaines a cikin kwalabe, suna neman wanda zai toshe gurbin da ATP ke zama. Ta wannan hanya aka kai ga maganin imatinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, kuma marasa lafiya da dama da a da ake yanke musu ƙauna suna rayuwa shekara da shekaru suna shan ƙwayar maganin.

Kalmar "don bincike kawai" kuwa, a ɗauke ta da gaske. Ba a tsarkake shi yadda ake tsarkake magani ba, ba a kuma gwada shi a jikin mutum ba. Kayan aiki ne na mai bincike, ba abin sha ko allura ba.